Tarihin Damagaram bai tsaya a ƙofar Birni ba



Kwanan baya na tambayi wasu yara ƴan lakwal su faɗa mini sarakunan Damagaram. Nan take ɗaya ya ce Tanimu, wani ya ce Amadu Kuran Daga. Na ji daɗi. Sai na ce to, kafin Damagaram ta iso nan kudu, wa ke mulkin ƙasarmu? Shiru kake ji. Wallahi ban ga laifinsu ba, laifin namu ne manya.

Babu mai musun girman Damagaram. Tun farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimanu ya mayar da fada Zinder. Ɗansa Tanimu, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884, shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya sa maƙera suna ƙera manyan bindigogi, ya tura ayari ta Agadas har Tarabulus da fatu da gashin jimina. Wasu masarautu da teku suka yi arziki, tamu da hamada ta yi. A 1898 aka kashe kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder, a 1899 Faransawa suka ci Kuran Daga da yaƙi a Tirmini. Zinder ce ma babban birnin Nijar kafin a koma Yamai a 1926. Duk wannan abin alfahari ne ga ɗan jahar nan.

Amma fa jama'a, Damagaram ba fili ta tarar a nan ba. Akwai ƙasar Tsotsebaki: Miriya, Washa da Dungas, kowace da sarkinta, suna kai gaisuwa Barno kamar yadda Damagaram ɗin kanta take kaiwa. Da ƙarfin yaƙi aka shigo da su ƙarƙashin Zinder. Ta wajen Magariya kuma labarin ya haɗe da na Daura, tun lokacin da jihadi ya tarwatsa tsohon gidan sarautarta. Daga baya Faransa da Ingila suka ja layi, Maigatari da Babura suka faɗa can, mu muka faɗa nan, alhali kasuwa ɗaya muke ci, aure ɗaya muke yi.

Kuma a faɗi gaskiya, ayarin nan da muke yabo ba fatu kawai yake ɗauka ba, har da bayi. Gero da sojan da suka riƙe fada, daga ƙauyuka irin namu suka fito. Tarihin da ya ƙare a jerin sunayen sarakuna, rabin tarihi ne.

Na san wani zai ce, a bar kaza cikin gashinta, tone-tone ba ya kawo alheri. Ni kuwa gani nake rashin sanin ne ke haddasa fitina. Ku duba, duk ran da rikicin gona, ko burtali, ko gadon sarautar gari ya taso, kowa sai ya zo da nasa tarihin, wanda ya fi baki shi ke rinjaye. Da an ɗauki maganar dattawa tun suna da rai, an ajiye, da ƙarya ba ta sami wurin zama ba.

Tun 2011 Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ofis mun samu, amma ina labarinmu? Shawarata ga matasa: salular da ke hannunka ta isa. Je wajen kakarka, ko limamin unguwa, ko makaɗin fada, ko maƙeri, ka tambaye su wa ya haƙa rijiyar farko a garinku, daga ina aka taso, wa aka biya wa haraji. Ka ɗauki muryar, ka rubuta suna da rana. Gidajen rediyonmu su ware ko da rabin awa a sati, a saurari kowane ɓangare, ba na gidan sarauta kaɗai ba. Malaman lakwal su ma su sa hannu.

Kowace shekara muna rufe tsofaffin da suka ji labari daga bakin waɗanda suka ga zamanin Kuran Daga. Kada mu jira sai ranar sadakar bakwai mu fara cewa da mun sani.

Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.