Kaiko, Ba Kaico Ba

Jama'a, a wannan wata filinmu ya leƙa ƙasar Japan, wajen masu kiwon tsutsar siliki. Kalmominsu ne suka fara jan hankalinmu, don sai ka rantse Bahaushe ne ya raɗa su. Ita tsutsar sunanta "kaiko", ba kaico ba. Bishiyar da take cin ganyenta ana kiranta "kuwa". Ɗan gidan da take saƙa wa kanta, wanda ake warware zaren da ya fi mita 1,000 daga jikinsa, shi ne "mayu". Kada gaban kowa ya faɗi, waɗannan mayun ba sa kama kurwa.

Manoman can ba su cika kiran sunanta gatsau ba. "Okaiko-sama" suke cewa, kamar dai a ce ranki ya daɗe. In za a ƙirga ta, da kalmar "to" ake ƙirgawa, wadda ake ƙirga shanu da dawaki da ita, domin a wurinsu dabbar gida ce. Kafin ta fara saƙa, sau huɗu takan daina cin abinci, ta ɗaga kai ta yi shiru har ta saɓe. Wannan suke kira "min", wato barci. A lardin Gunma kowane barci da sunansa: shiji, take, funa da niwa.

Girmamawar ba a banza take ba. A 1872 gwamnati ta buɗe masana'antar zare ta Tomioka da taimakon wani Bafaranshe, Paul Brunat. A 1909 Japan ta wuce Sin wajen sayar da zaren siliki a waje, kuma wajen 1930 gidaje fiye da miliyan 2 ne ke wannan kiwo. Mata ne ƙashin bayan aikin, shi ya sa ake yi wa Gunma kirari da "kakaa denka", wato mulkin uwargida.

Da nailan ya shigo, siliki mai araha na waje ya biyo baya, sai sana'ar ta durƙushe. Yau gidajen ba su kai 300 ba. A 2013 har alamar gonar kuwa aka cire daga taswirorin gwamnati.

Mu ma muna da tamu tsutsar, wadda masaƙa ke samun zaren rigar tsamiya daga gare ta. Sai dai ta daji ce, ba mu taɓa kiwonta ba. Sunan bishiyar muka liƙa wa zaren.