Layar Zana Da Tankin Mai Ba Su Jituwa

Tun a shekarar 2005 da rundunar mayaƙan sama ta Amurka ta fara aiki da jirgin yaƙi samfurin F-22, ake ta yi masa kirari cewa na'urar hangen jirage, watau rada, ba ta ganinsa sai ya zo kusa. Kirarin yana da ƙamshin gaskiya, amma akwai sharaɗi: sai jirgin ya fita ba ya rataye da kome a waje.

Dalili kuwa shi ne rada aiki take yi da amsa-kuwwa. Takan aika da igiyar lantarki ta bugi jikin jirgi ta dawo. Saboda haka maƙera suka karkata kowane sashe na jikin F-22 yadda igiyar za ta zame ta nufi wani gefe, suka shafe shi da fenti mai shanye ta, suka kuma ɓoye makamansa a cikin ciki. Da zarar an rataya tankin mai a ƙarƙashin fiffike, tankin da ƙarfen da ke riƙe shi sukan haɗu da fiffiken su yi kusurwa, ita kuwa kusurwa mayar da igiyar take yi kai tsaye ga wanda ya aiko ta. Layar zana ta karye ke nan.

To, don me ake ratayawa? Don man da ke cikin jirgin bai kai shi nesa ba. An tsara shi ne a shekarun 1980 domin karawa da Tarayyar Sobiyet a Turai, inda filayen jirage suke kusa da fagen fama. A 1991 aka zaɓi samfurinsa, a ƙarshen wannan shekarar kuma Tarayyar ta wargaje. Yanzu hankalin Amurka ya koma Tekun Fasifik, inda tsakanin tsibirin Guam da Taiwan ya ɗara kilomita 2,500.

Lalle akwai inda tankin ba ya cutarwa. Tun daga 2007 jiragen F-22 sun sha tashi daga Alaska, ɗauke da tankuna biyu masu cin galan 600 kowanne, suna tarye jiragen Rasha masu jefa bama-bamai. A can so ake a gan su. A ranar yaƙi kuwa tilas matuƙi ya yar da tankunan kafin ya shiga sararin abokan gaba, sa'an nan ya dogara da jiragen dakon mai da ke ba da mai a sama. Su kuwa manya ne, ba su da sauri, kowace rada tana ganinsu, ga shi ƙasar Sin ta ƙera makamai masu linzami masu cin dogon zango waɗanda za su iya kai musu.

A kasafin kuɗin 2023 rundunar ta nemi kuɗin ƙera wa F-22 sababbin tankuna da ba za su hana shi gudu ba. Wannan faci ne kawai a kan jirgin da aka daina ƙerawa, wanda aka miƙa na ƙarshensa a 2012. A watan Maris na 2025 aka bai wa kamfanin Boeing kwangilar magajinsa, F-47. Wajibi ne Majalisar Dokokin Amurka ta tsare hafsoshi su faɗi nisan da sabon jirgin zai ci da man cikinsa kaɗai, tun kafin ta saki kuɗin talakawa masu biyan haraji.