Kwamfuta Ta Ƙi Tashi? A Duba Akwatin Wutarta Tukuna

Yanzu a garuruwanmu akwai samari da yawa waɗanda sukan sayi kayan kwamfuta ɗai-ɗai su harhaɗa da hannunsu. Wani yana riƙe lissafin ƙungiyar manoma da ita, wani kuwa buga wa jama'a takardu shi ne abincinsa. Ran da ta ƙi tashi sai ka ji an ce ta ƙone. A tura ta ƙarƙashin gado, ko a ba 'yan gwangwan a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A ganinmu wannan hasara ce, gama sau da yawa abu ɗaya ne tak ya mutu, watau akwatin wuta, wanda igiyar lantarki take shiga cikinsa ta baya.

Ga aikinsa. Wutar gidajenmu ta volt 230 ce, kayan cikin kwamfuta kuwa ba sa ɗaukar ta haka. Akwatin nan ne yake sauko da ita zuwa volt 12 da 5 da 3.3, ya rarraba wa kowane sashe nasa. Saboda haka duk dukan da ya zo daga waje, shi yake fara sha: wutar da aka ɗauke aka mayar da ƙarfi, da janareton da yake hawa yana sauka. Ƙurar hunturu ta toshe masa fanka, zafin bazara ya ƙarasa. Akwai waɗansu ƙananan gwangwanaye a ciki masu ajiye wuta, masu gyara suna kiransu kafasita. Bisa ga ƙa'idar masu ƙera su, duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan rage kwanansu da wajen rabi. Ƙaramar kwamfuta kuwa ta fi shan wannan wahala, domin iska ba ta samun wurin zagayawa.

Kafin a kashe ko kwabo, sai a gwada. A fara da canja igiya da soket, abin dariya ne amma yakan faru. Daga nan a zare dukan wayoyin akwatin daga jikin kwamfuta. A babban kai mai ramuka 24 akwai koriyar waya guda ɗaya. A haɗa raminta da na baƙar waya da ɗan guntun ƙarfe, sa'an nan a ba da wuta. In fanka ta yi shiru, galibi ya mutu, ko da yake waɗansu sababbi ba sa juya fanka sai sun ɗauki zafi. In ta juya ma ba shaidar cikakkiyar lafiya ba ce. Abin da ya fi shi ne a aro na maƙwabci a ɗaura a gani.

To, sai maganar saye, nan ne aka fi yin ɓarna. Na farko girma. Tsarin da kamfanin Intel ya fitar a 1995, wanda ake kira ATX, faɗinsa milimita 150 ne, tsayinsa 86. Ƙananan gidajen kwamfuta da yawa ba sa ɗaukarsa, sai ƙaninsa SFX, mai faɗin milimita 125 da tsayi 63.5, akwai kuma waɗansu sirara. Kada mutum ya dogara ga idonsa. Ya kwance tsohon, ya sa a jaka, ya tafi da shi kasuwa.

Na biyu araha. Mai kaya zai nuna maka guda biyu, dukansu an rubuta wat 500, ɗaya rabin kuɗin ɗayan. Ɗauki ka ji a hannu. Wanda ba shi da nauyi, sau da yawa an rage masa kayan ciki ne, har da masu kāre kwamfuta in wuta ta yi tsalle. Irinsa ba ya mutuwa shi kaɗai, yakan tafi da babban allon kwamfuta ko ma'ajiyar da lissafin shekaru yake ciki. Araha ba ta ado. Kwamfutar rubutu da lissafi wadda ba ta da babban katin hoto, wat 300 na gaskiya ya ishe ta, ya kuma fi 500 na ƙarya. A nemi tambarin 80 Plus, wanda aka soma a 2004. Ma'anarsa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha tana zama aiki, saura kaɗan ke zama zafi. Tambarin ba alkawarin ƙarko ba ne, amma a ƙasar zafi ba abin rainawa ba ne.

Mai sayen na hannu ya duba bayansa. Tsofaffi suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wanda ya fito daga Amurka yakan zo a kan 115, in aka sa masa wutarmu haka nan, nan take sai ƙara da hayaƙi. Har wa yau, in akwatin irin wanda wayoyinsa suke cirewa ne, kada a yi ƙyashin zare tsofaffin a sa waɗanda suka zo da sabon. Bakinsu yakan shiga daidai, amma jerin wayoyin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Abu guda ne muke roƙo a bari: buɗe akwatin kansa. Mun san samarinmu da son ganin ciki, kuma da haka ake koyo. Amma babban gwangwanin nan yana iya riƙe volt fiye da 300 bayan an zare igiya. Wannan aikin gwanin gyara ne mai kayan awo. Sauran aikin kuwa, kusoshi huɗu ne da 'yan kawunan waya waɗanda ba sa shiga a juye, yaron da ya iya kwance keke zai iya.

In an ɗaura sabo, a haɗa shi da sitabilaiza, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a riƙa bushe mata ƙura lokacin hunturu. Mai janareto kuma ya bari injin ya daidaita tukuna kafin ya kunna ta, ya kuma kashe ta kafin mai ya ƙare.