Ajiyar Takardu A Kwamfuta: Rumbu Ɗaya Bai Isa Ba

Jama'a, akwai wani sakaci da nake gani a Idi-Araba da kewayenta cikin Mushin. Makarantu da ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu sun koma zuba takardunsu a babbar kwamfuta guda, wadda ake kira saba, sauran kwamfutocin ofis suna ɗiba daga gare ta. Wannan ci gaba ne. To amma wai shin ranar da ta mutu fa? Ina lissafin bashi, ina sakamakon yara, ina tarihin majiyyata?

Mutanen Ikko sun san ɓarnar wuta. A watan Janairu 1983 gobara ta kama dogon benen NET da ke Marina. A Fabrairu 2002 kuwa an ƙona gidaje a rikicin Idi-Araba. Wuta ba ta bambance takarda da kwamfuta.

A ganina matakin farko shi ne saba ta zama biyu. Duk abin da aka rubuta a ta farko, nan take a kwafe shi a ta biyu, kuma su riƙa aika wa juna alama. Da zarar ɗaya ta yi shiru, sai 'yar'uwarta ta karɓi aiki. Kada a ajiye su ɗaki ɗaya, kuma kowacce ta samu batirinta saboda ɗaukewar wuta.

Sai dai fa wannan bai hana ɓarawo ba. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle takardun mutane a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da majiyyata gida. Ta ƙofar raba fayil ta Windows ta shiga, alhali tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran toshe ƙofar, mutane suka yi biris. Abin lura, idan irin wannan ta kulle saba ta farko, ta biyu ma kullallun takardun za ta kwafe. Don haka dole a yi kwafi na uku a faifai dabam, a cire shi, a kai wani gida, a riƙa gwada shi.

Haka nan kowane ma'aikaci ya samu kalmar sirrinsa, ya ga abin da ya shafi aikinsa kaɗai. Wanda ya bar aiki a soke tasa ran nan.

Wani zai ce tsada. Gaskiya ne, amma asarar littafin bashi ta fi tsada. Kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu su duba wannan magana tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyaye.