Lokaci Ya Yi da Za a Gyara Dokar Soja a Kan Laifin Fyaɗe

Duk wanda ya san hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san Azare, babban birnin ƙasar Katagum, ya kuma san cewa tun 2014, shekarar da bama-bamai suka tashi a tashar mota da kasuwar garin, soja ya zama maƙwabcin kowa a wannan yanki. Samarin Katagum da dama suna zuwa Zariya koyon aikin soja, kuma tun 2011 Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna ta soma ɗaukar mata a sahun hafsoshin fagen fama. Saboda haka dokar da ke hukunta sojan da ya yi fyaɗe ta shafi gidajen Katagum ta fuska biyu, watau ɗiyar da ke sanye da kaki da kuma ɗiyar da ke ratsa shingen bincike za ta kasuwa.

Dokar Rundunonin Soja da ake aiki da ita yau ta samo asali ne daga Doka ta 105 ta mulkin soja a 1993. Sashe na 77 ya ce sojan da kotun soja ta same shi da laifin fyaɗe, ɗaurinsa ba zai wuce shekara 14 ba, kuma ana iya yi masa abin da bai kai haka ba. Amma dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta tanadi ɗaurin rai da rai, ta kuma hana a ɗaure baligi ƙasa da shekara 12. Jihar Bauci ta kafa irin tata a 2020. Ke nan wanda ƙasa ta damƙa wa bindiga hukuncinsa ya fi na farar hula sauƙi, alhali amanar da ke wuyansa ta fi nauyi.

Babbar matsalar ma tana wajen hanyar kai ƙara. Kwamanda shi ne ke duba tuhuma, hafsoshi ne ke kafa kotu su zauna a cikinta, sa'an nan hukuncin ba ya tabbata sai hukumar soja ta sa hannu, tana kuma da ikon rage shi. To, ina kurtu mace za ta dosa idan wanda take ƙara shi ne ke rubuta rahoton ƙarin girmanta? A 2024 wata kurtu ta zargi waɗansu manyan hafsoshi da cin zarafinta, rundunar ta yi bincike da kanta, ta wanke su, ta sallami matar bisa dalilin rashin lafiya. Ko da binciken gaskiya ne, jama'a ba za su natsu da shi ba, domin gidan da ake ƙara shi ne ya yi alƙalanci.

Haka kuma a 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta kawo labarin mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri, cikin waɗanda aka zarga har da 'yan sanda da sojoji. A 2018 Amnesty International ta ce an tilasta wa mata a Bama ba da kansu domin abinci. Rundunar soja ta ƙaryata wannan, amma ƙaryatawa ba ta maye gurbin shari'a a bainar jama'a.

Wasu na cewa raba kwamanda da wannan iko zai karya ɗa'a a bariki. Amurka ta shekara da shekaru tana wannan gardama, har kisan wata kurtu mai suna Vanessa Guillén a barikin Fort Hood a 2020 ya tayar da hankalin ƙasar. A Disamba 2021 aka sa hannu kan dokar da ta ɗauke shawarar gurfanar da masu irin wannan laifi daga hannun kwamandoji zuwa ga lauyoyin soja masu zaman kansu, ta soma aiki a ƙarshen 2023. Abin da ke karya ɗa'a shi ne ƙananan sojoji su ga babba ya yi ta'asa ya kwana lafiya. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma dubban sojoji masu mutunci su ne ke kwana da baƙin jinin.

Gyaran da ake bukata a fili yake. A daidaita hukuncin sashe na 77 da na dokar 2015, a kafa ofishin mai gabatar da ƙara wanda ba ya ƙarƙashin kwamandan wanda ake tuhuma, a hukunta duk hafsan da ya musguna wa mai ƙara, kuma idan farar hula aka zalunta a miƙa sojan ga babbar kotun jiha.

Sha'anin soja na Gwamnatin Tarayya ne, Majalisar Dokokin Bauci ba ta da ikon taɓa shi. Aikin yana wuyan ɗan majalisar wakilai na Katagum da sanatan Bauci ta Arewa da takwarorinsu. 'Yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabon Badun, da Anaca da Fatakwal, waɗanda suka bar mata da 'ya'ya a gida suna neman halali, su ne suka fi kowa bukatar wannan gyara. Ya kamata ƙungiyoyinsu da rassan jam'iyya na unguwanninsu su rubuta wa wakilan nan, kuma ranar da suka zo neman ƙuri'a a tambaye su inda suka tsaya. Allah ya sa a gyara.