Raddi Ga Masu Cewa Direban Manhaja Ubangidan Kansa Ne

Masu kare tsarin aikin manhaja, wato aikin da kamfani irin Uber ko Bolt ke haɗa direba da fasinja ta wayar salula ba tare da ya ɗauki direban aiki ba, sun kafa hujja da cewa direban ya sami 'yancin da ɗan albashi bai taɓa samu ba, domin shi ke zaɓar lokacin fita da na komawa gida. Wannan gaskiya ne, kuma yana da amfani ga ɗalibi ko mai jinyar mahaifi, amma zaɓen lokaci ɓangare ɗaya ne kawai na mallakar sana'a.

Hujjarsu ta biyu, cewa kamfani dillali ne kurum, ita ce mafi rauni. Dillali a kasuwar kara yana barin mai dabba ya yi ciniki, ya karɓa ko ya ce albarka, alhali Kotun Ƙolin Birtaniya, a hukuncinta na 19 ga Fabrairu 2021, ta gano cewa Uber ke yanke kuɗin tafiya, shi ke rubuta sharuɗɗa, yana hukunta direban da ya yawaita ƙin karɓar fasinja, yana kuma auna shi da taurarin da fasinjoji ke bayarwa. Saboda haka ta ce direbobin ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu, har lokacin da suke zaune da manhaja a kunne suna jiran kira ta lissafa shi cikin aiki. Wanda ke yanke farashi kuma yake iya korar mutum ya wuce matsayin dillali.

Sun kuma ce wanda ya ƙara ƙoƙari zai ƙara samu, sai dai ba su faɗi wanda ke ɗaukar asara ba. Da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, direba ne ya tsaya a gidan mai, haka kuma taya da bakanike da ranar zazzaɓi duk nasa ne, kamfani kuwa yana cire kasonsa daga kowace tafiya. Ɗan adaidaita sahu a Kano ya san wannan tun tuni, domin balas, wato kuɗin da yake ba mai keke kullum, ba ya jiran ranar ciniki.

'Yancin zaɓen lokacin yana nan, ba a musanta shi, amma an saye shi da fansho da hutun rashin lafiya, kuma direba ne ya biya.