Rage Ma'aikata: Sanarwa Daban, Shawara Daban

Sharhinmu na wannan wata zai taɓo wata mas'ala da yawancin 'yan'uwa ma'aikata ba sa waiwayarta sai ranar da aka miƙa musu takarda a bakin ƙofa, wato rage ma'aikata, da wa'adin da ya kamata a bayar kafin a zartar da shi.

Wajibi ne da farko a bambanta ragewa da kora. Wanda aka kora ana tuhumarsa ne da laifi. Wanda aka rage kuwa bai yi komai ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974, a sashe na 20, ta bayyana ragewa da cewa rasa aiki ne na dindindin, ba da son ma'aikaci ba, saboda hannuwa sun fi aikin yawa. Sashen ya ɗora wa mai ba da aiki nauyi uku: ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa, ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan ya yi iyakar ƙoƙarinsa a daidaita a kan kuɗin sallama.

Duk mai karatu da idon basira zai ga giɓin da ke nan. Dokar ta ce a sanar, amma ba ta wajabta zama a yi shawara ba, ba ta kuma yanke kwana nawa za a jira ba. Manaja na iya aika wa ƙungiya wasiƙa ranar Juma'a da yamma, ya garƙame ƙofa ranar Litinin, ya ce ya cika doka. Shi kuma "iyakar ƙoƙari" ba adadi ba ne da magidanci zai kai wa mai gidan haya.

A Birtaniya, inda muka gaji mafi yawan dokokinmu na aiki, an rufe wannan ƙofa. Kamfanin da ke son rage mutum 20 zuwa 99 a wuri ɗaya tilas ya fara shawara da wakilan ma'aikata kwana 30 kafin sallamar farko. In sun kai 100, kwana 45. Kafin 2013 ma kwana 90 ne. An kuma fayyace abin da za a tattauna: ko akwai hanyar kauce wa ragewar, ko a rage yawan masu tafiya, ko a sassauta musu raɗaɗin. Ba mu kawo wannan don yabon Turawa ba, domin a can ɗin ne a watan Maris na 2022 kamfanin jiragen ruwa na P&O ya sallami ma'aikata kusan 800 ta saƙon bidiyo, shugabansa kuma ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa da gangan suka ƙi shawarar. Sai dai a can akwai doka bayyananniya da za a ce an karya.

Mu a nan mun saba da kalmar "nan take" tun 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, an sanar da wasunsu ta rediyo. Mutanen Kakuri a Kaduna kuwa ba sa bukatar a ba su labari: masaƙar KTL ta tsaya a 2002, aka shafe shekaru ma'aikatanta na bin haƙƙinsu, wasu suka rasu ba su karɓa ba. Amfanin wa'adin shawara shi ne a yi lissafi tun injuna na juyawa, tun akwai dukiyar da za a biya da ita, domin bayan an kulle ƙofa ma'aikaci ba shi da abin ciniki sai roƙo.

Kada kuma mu kalli manyan kamfanoni kawai. A cikinmu akwai masu gidajen burodi, da gidajen mai, da makarantu masu zaman kansu, inda ake gaya wa malami ranar da aka ba da hutu cewa kada ya dawo, alhali mai makarantar ya san da haka tun watanni biyu da suka wuce. Malaman fiƙihu sun bayyana a babin ijara cewa ƙulli ne mai lizimtar ɓangarori biyu, da lada sananne da muddar aiki sananniya. Ɓoye wa mutum labarin yankewar abincinsa don a ci moriyarsa har ranar ƙarshe yaudara ce, ko da dokar ƙasa ta yi shiru.

Ga ɗan'uwa ma'aikaci kuma, akwai abubuwan da ke hannunsa tun yanzu. Sashe na 7 ya ba shi haƙƙin karɓar sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Sashe na 11 ya yanke mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu zuwa ƙasa da shekara biyar, wata ɗaya daga shekara biyar, ko a biya kuɗin kwanakin a madadinsu. Amma a lura, wannan doka ba ta haɗa da manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru ba. Su takardar ɗaukarsu ce hujjarsu. Dokar Fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, bai sami wani ba cikin wata huɗu, ya cire har kashi 25 cikin 100 na asusunsa. Tun gyaran Tsarin Mulki na 2010 kuma, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin waɗannan ƙararraki. Kada mutum ya sa hannu a takardar da ke cewa ya karɓi dukkan haƙƙinsa kafin ya kai ta ga wanda ya san doka.

Muna kira ga Majalisar Tarayya ta gyara sashe na 20, ta sa adadin kwanaki a cikinsa. Kafin nan, shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago su dage a rubuta wa'adin shawara da lissafin kuɗin sallama cikin yarjejeniyarsu da kamfanoni tun ana zaman lafiya.